Luwiza a Gwangwanin Madara

Ƙarfe biyun dare a Ɗa'ifa,
Sabi'u ya gama loda akwatunan rumman a bayan mota,
ya leƙo ya ce, "Umma, ki kwanta."
Na ce to.
Baki ne ya amsa, ido bai ji ba.

Na san hanyar Hada, sau uku na bi ta.
Ta nannaɗe dutse kamar gammon da ya fara warwarewa,
gajimare kan sauko ya zauna a tsakiyarta,
ba ya matsa wa kowa.
Duk kwanar da yaron nan zai sha
a ƙirjina ake shan ta.
In ja carbi, in koma ƙirga kwanoni,
har lissafin biyu ya cakuɗe.

Goggo Tabawa ce ta ji takuna ta bango.
A nan aka haife ta.
Kakanta ya tako a ƙasa daga Haɗeja, shekara tara a hanya,
ya bar mata Hausa mai gishirin Larabci.
Da safe ta dube ni ta ce,
"Idonki zuru-zuru, kamar wadda ake bi bashi.
Biyo ni sama."

Tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa
ga ɗan itace a gwangwanin madara,
ganye siriri mai tsinin baki, uku-uku a gaɓa,
da kaushi irin na harshen kyanwa.
"Murza."
Na murza.
Lemon tsami ya buɗe a yatsuna, babu lemo a wurin.
"Luwiza ake ce masa. Ban san sunansa da Hausa ba.
Wata 'yar Magrib ta yago min reshe
shekarar da Malam ya yi wata huɗu a asibiti."

Ta ce kada in dafa shi, wuta na korar ƙamshi.
A sauke buta tukuna, a jefa ganye biyar,
a rufe,
a jira gwargwadon karanta Tabaraka a natse.
"Ki rufe fa. Abin da kike nema a cikin tururin yake."

Daren farko ina sha ina hararar kofin.
Me ganye ya sani game da birki?
Ina ruwansa da direban da ke gyangyaɗi a ɗaya hannun?
Ruwan ya sauka da ɗuminsa, ba ɗaci, ba zaƙi.
Kafaɗuna, da ban san na ɗage su tun magariba ba,
suka sauko.
Haƙorana suka saki juna.
Tunanin bai tafi ba,
ya dai ja tabarma gefe ya zauna
kamar baƙon da aka ba ruwa.

Ban ce na yi barci ba.
Kiran assalatu dai ya same ni
na manta kwana ta nawa na tsaya.

Na tambayi Goggo, "Ke ya yi miki aiki?"
Ta daɗe tana tsince busassun ganye daga bakin gwangwani.
"Malam bai dawo gida ba.
Amma na iya zama a gefen gadonsa
in kai masa cokali baki, hannuna bai zubar ba."

Da hantsi, ƙarar mota a lungu.
Sabi'u ya shigo da warin fetur
da rumman biyu da suka fashe, ba mai saye.
Ya kama hannuna zai gaishe ni, ya tsaya, ya shinshina.
"Umma, lemo kika yanka?"
Na ce a'a, je ka wanke fuska.

Yanzu ina da nawa gwangwanin a taga.
Reshen ya yi kwana goma sha ɗaya kamar kara,
har na fid da rai.
Jiya ya yi tofo uku, ƙanana kamar kunnen ɓera.
Ban taɓa su ba.

Yau ma akwai lodi, inabi ne wannan karon,
an ce kuma gajimare ya sauko tun la'asar.
Na ɗora buta.
Na ƙwanƙwasa bango sau biyu,
Goggo ta san ganye nawa.